Gwaji ɗaya kafin Salute ya isa?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama fentin 'yan sojojinka na wasa masu tsayin milimita 28, za ka kai wasan yaƙin Waterloo na 1815 Salute, taron masu wasan yaƙi na kan tebur a Landan, ko gwaji ɗaya ya isa? Ina! Yi aƙalla uku, na ƙarshen da mutanen da ba su taɓa ganin dokokin ba.

Lokaci ne babban abokin gabarka. Salute yini ɗaya ne, mai wucewa ba zai ba ka awa uku ba. Kada ka ɗauko fagen daga duka, tsaya kan Hougoumont, gona mai bango da Faransawa suka kai wa hari a yaƙin, tebur mai ƙafa 6 da 4 ya wadatar. Jera rundunonin kusa da juna, a fara ɓarin wuta tun zagayen farko. Na taɓa barin Faransawa suna tattaki har zagaye huɗu, kafin su iso bango 'yan wasa biyu sun sulale wajen masu sayar da kaya.

Dokoki su shiga takarda ɗaya. Duk inda aka tambaye ka abu sau biyu, rubuta, nan gyara yake. Ka tafi da gam, bindigogi kan karye a hanya.