Ga mai tambayar da karatu ke guje mata a ɗakin jarrabawa

Wallahi 'yar'uwa da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika rubuta. Kin ce kina karatu ki gane komai tsaf amma da an miƙo takardar jarrabawa sai kanki ya zama fayau, har kin fara tunanin ko ƙwaƙwalwarki ce ta samu matsala. Ni na fi shekara biyu da wannan tunanin.

Nawa ya faru ne ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, jarrabawar baki ce, ana kiranmu ɗaya bayan ɗaya sauran suna zaune a baya suna ji. Malamar ta ce in lissafo mata ƙasusuwan wuyan hannu. Guda 8 ne fa kacal, kuma a daren na karanta su ya fi sau goma, har ina ganin shafin a idona, can ƙasa ta hagu inda na ja layi da jan biro, amma suna ko ɗaya ya ƙi zuwa bakina. Ta cire tabarau ta ajiye, ta dinga ƙwanƙwasa tebur da biro tana kallona, sai ta juya wajen 'yan aji ta ce wai su kalli wadda za a ba ran mutane a hannu. Aka yi dariya. Ba ta barni na tafi ba, haka na tsaya ya kai minti biyar hawaye na zuba tana cike takarda kamar ba mutum a gabanta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zango guda tana koyar da mu ba ta taɓa cewa ga yadda ake karatu ba, sai dai ku je ku karanta. Bayan shekaru na haɗu da ita a wani taro na gaishe ta, ko gane ni ba ta yi ba, ni kuwa har yau in na ji ana ƙwanƙwasa tebur da biro sai gabana ya faɗi. Allah dai ya isa, na bari.

To abin da na gano daga baya, ganewa daban tunowa daban. In kin maimaita shafi sau biyar idonki ne ya saba da shi, sai ki ji kamar kin iya, alhali littafin ne ke riƙe miki amsar. Kamar ki ga fuskar mutum ki san kin san shi amma sunan ya ƙi fita. A 2006 wasu masu bincike a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan sati ɗaya masu gwada kansu suka wuce su, kuma abin dariyar masu maimaitawar su suka fi yarda cewa za su tuna. Ni kenan sak. Don haka ki rufe littafin ki ɗauki farar takarda ki zubo abin da ke kanki, za ki ji haushi ranar farko don layi uku ma da ƙyar, kar ki damu wannan wahalar ita ce aikin.

Kuma ki daina kwanan zaune daren jarrabawa don Allah, barci na cikin abin da ke zaunar da karatu a kai. Tun 1885 wani Bajamushe Ebbinghaus ya gwada a kansa, ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya ga a awannin farko ne zubewar ta fi yawa daga nan ta rage gudu. Shi ya sa nake waiwayar abu washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan sati, ko minti goma ne.

Ita kuma tsayawar kai ɗin nan, wurin da muke riƙe abu na ɗan lokaci muna aiki da shi ɗan ƙarami ne. Wani mai bincike George Miller a 1956 ya ce kamar abu 7, waɗanda suka zo bayansa suka ce ya ma fi kusa da 4. To in fargaba ta shigo da "za a yi min dariya" ai ta cinye gurbin. Ƙasusuwan nan ma ashe layi biyu ne huɗu huɗu, da na raba su haka na zana su a hannuna sai suka zauna. A ɗakin jarrabawa ki fara da tambayar da kika fi iyawa don kanki ya sake. Amma in mantuwar ta wuce karatu, kina manta hanya ko sunan na kusa da ke, wannan kam ki ga likita.

Af, kwanaki na ba ƙawata da muke aji ɗaya labarin nan sai ta ce wai malamar ba ta ma sa tabarau, kuma mutum biyu ne suka yi dariya ba duk ajin ba. Muka yi ta musu. Na san wata mai bincike Elizabeth Loftus a 1974 ta nuna wa mutane bidiyon haɗarin mota, waɗanda aka yi wa tambaya kan haɗarin da kalma mai ma'anar ragargajewa suka fi cewa sun ga fasasshen gilashi bayan sati, alhali babu gilashin, wato tunawa ma sake ginawa muke yi. Na yarda da wannan, tabarau ɗin ma na bar mata, amma maganar ran mutane wallahi ta faɗa.

Wane kwas kike yi ne ma, kuma saura kwana nawa jarrabawar?