Malam zamu yi sati shida a Zanzibar da abokai harda koyon zane, meye hukuncinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam dan Allah ina neman fatawa. Mu huɗu ne abokai tun daga jami'a, mun daɗe muna zuba kuɗi kamar adashi, yanzu mun shirya zamu tafi Zanzibar muyi sati shida, har mun kama gida ɗaya a cikin tsohon gari. Da safe zamu riƙa zuwa ajin koyon zane irin nasu da ake ce ma Tingatinga, da yamma kuma yawon buɗe ido, bakin teku da gonakin kanumfari da sauransu. Toh babban yayana yace wai duk tafiyar da ba hajji ba, ba neman ilimi ba, ba fatauci ba ɓarnar kuɗi ce kawai, kuma zane haramun ne gaba ɗaya. Sannan ɗaya daga cikinmu yana so wadda zai aura ta biyo mu tayi sati ɗaya tunda an riga an sa musu rana. Kuma Malam sallah fa, kasaru zamu yi ta yi har mu dawo?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa Allah ya ƙara muku zumunci, tambayar taka huɗu ce a cikin riga ɗaya, bari mu bi su.

Ita tafiyar a kan kanta halal ce, babu laifi mutum ya fita ya ga ƙasar Allah, ai cikin Suratul Ankabut aya ta 20 cewa aka yi ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ya fari halitta. Ina jin yayanka ya tuno hadisin nan na Abu Dawud da wani ya nemi izinin yin "siyaha" aka hana shi, toh waccan siyahar ita ce mutum ya bar gida da iyali ya shiga daji yana gararamba da sunan ibada irin ta ruhbanawa, ba fita shan iska da ganin gari ba. Amma kar ka watsar da maganarsa duka, akwai gaskiya a gefenta. In akwai bashin mutane a wuyanka wanda lokacinsa yayi, ko iyalin da ba ka bar musu cefane ba, ko iyaye sun ce a'a, ko kuma kuɗin nan sun isa kujerar Makka alhali ba ka sauke farali ba, toh waɗannan sun riga Zanzibar. In babu ko ɗaya, Allah ya kai ku lafiya. Kuma kun ma yi dace da wuri, mafi yawan mutanen tsibirin musulmi ne, a tsohon garin nan da suke kira Mji Mkongwe ba za kayi tafiyar minti biyar ba ka ga masallaci ba.

Maganar sallah, a nan ne matasa suka fi zamewa. Babu kasaru a zamanku na can. Duk wanda ya karanta Risala ya san wannan, matafiyi in ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri, ko abin da zai sallaci salloli 20, ya zama mazaunin gida sai ya cika sallarsa. Shafi'iyya ma kwana 4 ne, Hanafiyya da suka fi sassautawa sun ce 15, ku kuma kwana 42 kuka ƙulla tun daga gida harda biyan kuɗin haya, kaga kun wuce kowanne. Na san wani zai kawo maka ra'ayin Ibnu Taimiyya cewa babu iyaka matuƙar mutum bai mai da wurin gida ba, ra'ayi ne na babban malami amma ba shi nake ba da fatawa da shi ba, balle ga mai ɗaki da katifa da jadawalin aji. A hanya dai, tun daga barin gari zuwa filin jirgin da za ku yada zango har ku sauka, kuyi kasarunku, haka ma a dawowa. Kuma tunda kun zama mazauna, Juma'a ta hau kanku, kar a sa ranar zuwa ganin kunkuru a tsibirin Changuu ta faɗo kan Juma'a ace ai mu matafiya ne. Yawon cikin tsibirin ma bai kai ba, tafiyar kasaru mil 48 ce wato kilomita 80 da wani abu, daga gari zuwa Nungwi can ƙuryar arewa bai fi 60 ba, dajin Jozani mai jajayen birai ma ya fi haka kusa. Sai dai in kun haye tsibirin Pemba, wannan kam tafiya ce.

Wani abu da zai baka dariya amma ka riƙe shi: mu nan mun saba in ance alƙibla sai muce gabas, har ya zama kalma ɗaya a bakinmu. A Zanzibar alƙibla arewa take, don Makka kusan saitin samansu take a taswira. Kar ka idar da alwala a bakin teku ka kalli inda rana ke fitowa ka kabbara. Ruwan tekun kuma yana alwala, Annabi (SAW) yace ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne, yana cikin Muwaɗɗa, don haka abin da ake gasawa da daddare a Forodhani, dandalin cin abinci na bakin teku a tsohon gari, kaguwa ne, jatan lande ne, ko mai hannaye takwas ɗin nan da suke cewa pweza, a wajenmu Malikiyya duk halal ne, in cikinka zai ɗauka. Limamansu galibi Shafi'iyya ne, zaka ji an bayyana Bismillah, da asuba ayi alƙunutu a fili bayan ruku'u an ɗaga hannu, ka bi kawai sallarka tayi, ba sai ka dawo kana cewa sun yi bidi'a ba.

Toh yanzu zane, nan zan ɗan zauna don shi ne zuciyar tambayar. Cewa zane haramun ne gaba ɗaya ba daidai bane, ai mu kanmu da zayyana muka yi saukar Alƙur'ani, allo ake ƙawatawa da launi, haka bangon gidajen sarauta a Kano da Zariya, babu malamin da ya hana. Abin da hadisai suka yi tsanani a kai shi ne surar abu mai rai, mutum ko dabba ko tsuntsu, har aka ce ranar alƙiyama za a ce wa masu yin su ku rayar da abin da kuka halitta. Kuma matsalar Tingatinga kenan, don shi wannan salon tun daga mai shi Edward Saidi Tingatinga da ya faro shi a birnin Darussalam na Tanzaniya wajen 1968 da fentin keke a kan falankin silin, har ya rasu a 1972 almajiransa suka ci gaba, kusan duk dabbobi ne, raƙumin dawa, damisa, giwa, zabi masu ɗigo-ɗigo. Wato in ka shiga ajin ba ka ce komai ba, ranar farko dabba za a ɗora maka.

Malamai sun rabu a nan. Jamhur, wato mafi yawan malamai, kuma Imam Nawawi ya tsananta sosai a sharhinsa na Muslim, sun ce zana mai rai haramun ne ko a takarda ko a bango ko a tufa, da inuwa ko babu. Malikiyya kuma suka rarrabe, suka ce haramcin sai abu uku sun haɗu: ya zama surar mai rai, gaɓoɓinsa cikakku, kuma yana da jiki mai inuwa kamar gunki ko sassaƙa. Wanda yake shafe a kan takarda ko ƙyalle makaruhi ne in ana girmama shi kamar a rataye a bango, in kuma abin takawa ne kamar darduma ko matashi toh barinsa ya fi kawai. Hujjarsu hadisin Abu Ɗalha da aka togace "sai dai zane a jikin tufa", da labulen Nana A'isha da aka yanka aka yi matasai da shi.

Ni abin da nake gani, ba zan ce maka ka aikata haramun ba in malamin aji ya sa ka zana zabuwa don ka koyi riƙe buroshi da haɗa launi, tunda mazhabarmu ta ba da wannan sararin. Amma ba zan so ka mai da shi aikinka na sati shida ba, don gargaɗin yayi nauyi kuma mafita a buɗe take. Wani mutum yazo wajen Ibnu Abbas yace da zanen nan nake ci, da ya karanta masa hadisin azabar masu zana abu mai rai sai mutumin ya firgita fuskarsa ta canza, sai Ibnu Abbas yace masa in dai dole sai kayi, ga bishiya nan da duk abin da bashi da rai. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Kai kuwa wane gari ne ya kai Zanzibar abin zanawa marar rai? Ƙofofin nan nasu na katako masu ƙusoshin tagulla da sassaƙar furanni, jiragen katako masu tafiya da iska da suke kira jahazi in rana zata faɗi, bishiyar kwakwa, lungunan tsohon gari, kanumfari an shanya a tabarma. Ka gaya wa malamin tun ranar farko, kuɗi ka biya, kuma ba kai ne musulmin farko da ya zauna gabansa ba. Abu biyu ne babu saɓani a kansu: sassaƙa cikakkiyar dabba ko mutum da katako ko yumɓu, kar kayi kuma kar ka sayo tsarabarsa, sai kuma in aka kawo darasin da ake zaunar da mutum tsirara ko rabin tsirara ana zana shi, ranar ka tashi ka fita.

Yawon gari kuyi. Kuje Kizimkazi a kudu ku ga tsohon masallacin da rubutun kufi na jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira wato 1107, amma don ganin tarihi, ba don wata falala ta musamman ba, masallatai uku ne kawai ake ɗaura sirdi dominsu. Inda tsohuwar kasuwar bayi take wadda aka rufe a 1873 yanzu coci ce a wurin, malamai sun yi saɓani kan shiga, Sayyidina Umar a zamaninsa ya ƙi shiga coci saboda surorin da ke ciki, ku tsaya a harabar da ɗakunan ƙasa da aka ce nan ake tsare bayin, ya ishe ku wa'azi. Bakin teku kuwa kai ma ka san abin da ke Nungwi da Kendwa, Turawa ne kwance babu sutura, giya na yawo. Ku zaɓi sassafe ko gefen da masunta suke, wandonku ya rufe cibiya zuwa gwiwa, kada ku zauna teburin da ake shan giya ko da lemo ne a gabanku, shagalin daren da ake yi in wata ya cika kuma ba naku bane.

Saura abokinka. Ka gaya masa Malam yace sa rana ba ɗaurin aure bane, ko an kai lefe an buga kati ita ajnabiyya ce a wajensa har sai an shafa fatiha. Mace bata tafiya irin wannan sai da muharrami, sassaucin da Malikiyya suka yi na amintacciyar tawaga don hajjin farilla ne ba don hutu ba, balle ace gida ɗaya da samari huɗu. In ya matsu ya nuna mata teku, a matso da ɗaurin auren kafin tafiyar su kama nasu masaukin daban, ko yayanta ko ƙaninta baligi ya rakota su sauka wani wuri. In kuma ya dage sai ta zo a haka, kai ka ɗauke jakarka ka kama ɗaki a wani gida na wannan satin.

Wallahu a'alam.