Kayan Baba a Houston: in kira kamfani ya sayar?

Assalamu alaikum Gwaggo,

Mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce a Houston, inda ya yi aiki fiye da shekara 30. Mama ta fita takaba, ta ce Zariya za ta koma. Mu uku ne: ni a nan, Yaya da ƙanwarmu suna gida Najeriya. Kayan gidan duk sun faɗo kaina: kujeru, firiji biyu, littattafai, gareji kuwa ko wurin sa ƙafa babu. Jiya na buɗe durowarsa na tarar da hulunansa zanna-bukar a jere, ƙamshin turarensa bai fita ba. Na rufe na zauna a ƙasa.

A nan akwai kamfanonin da ke sa wa kowane abu farashi, su buɗe gida kwana biyu ko uku mutane su shigo su saya. Wata mata daga irin kamfanin ta zagaya gidan, ta ce kashi 40 cikin 100 za su ɗauka, kuma in sa hannu kafin Juma'a. Da na faɗa wa Yaya sai ya hau ni da faɗa, wai zan yi gwanjon Baba, baƙi su shiga har ɗakin kwanansa suna taya takalmansa. Shi so yake a loda komai a kwantena. Hutun sati biyu kawai na samu. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Houston

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Kada ki sa hannu ranar Juma'ar nan. Ba don kamfanin mugun abu ne ba, sai don kayan ba naki ba ne ke kaɗai. Daga ranar da ya cika, har cokalin gidan ya zama gado. Bashi ake fara biya, sai wasiyya in ya bari, wadda hadisi ya ce ba ta wuce sulusi, sannan Mama ta ɗauki tumuninta, ku raba saura, namiji rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. In kakanninku na wajen uba suna raye, su ma da rabonsu. Abin da Mama ta saya da kuɗinta ko aka ba ta, nata ne, ba ya shiga. Kuma dokar Texas ma tana da bakin magana: wanda kotun gado ta ba takardar kula da dukiyar mamaci shi ke da ikon sayarwa. In ba ki da ita, lauya za ki fara gani, ba dillaliya ba.

Yayanki kuwa, ba kujeru yake karewa ba. Bai samu wanke mahaifinsa ba, ina jin ko kabarin bai gani ba, shi ya sa yake riƙe takalmi. Ki kira shi ta bidiyo a WhatsApp, ki bi ɗaki ɗaki da wayar, shi da ƙanwarku kowa ya nuna abin da ransa ke so, a rubuta a lissafa cikin rabonsa. Sannan ki samo masa kuɗin kwantena daga Houston zuwa Legas, da na kwastan, da na mota zuwa Zariya. Ki tuna masa firijin Amurka wutar 120 yake ci, tamu 230 ce, sai da taransifoma. Lissafi zai yi miki gardamar da ba ya kyautu ki yi da yayanki.

Kashi 40 ba zalunci ba ne, la'adarsu takan kama daga 30 zuwa 50. Gaggawar ce ban so ba. Ki kira kamfani biyu ko uku, ki je ki ga yadda ɗaya ke gudanar da cinikinsa a wani gida ranar Asabar: ana tsaron ƙofa? ana ba da rasit? Jihohi da yawa ba sa neman lasisi na musamman a wannan sana'a, don haka takardar yarjejeniyar da za ki sa wa hannu ita ce garkuwarki. Ta faɗi la'ada, da ko akwai mafi ƙarancin kuɗin da za su cire ko kasuwa ba ta yi ba, da ranar da za a biya ku, da jerin abin da aka sayar. Ki nemi shaidar inshora. Ki tambayi ragin ranar ƙarshe, don yawanci rabin kuɗi ake karyarwa. Abin da ya yi kwantai fa, wa zai kwashe, a kan nawa? Wasu kamfanonin su ke sayen ragowar da arha, kin ga kura ce aka ba ajiyar nama. Gara ku kai Goodwill, ƙungiyar agaji mai karɓar kayan sadaka, ko masallacinku, ladan ya isa ga Baba, in duk magada sun yarda.

Kafin su shigo, ki fitar da Alƙur'anai da littattafan addini, fasfo, katin Social Security (mai lambar shaida ta gwamnatin Amurka), takardun banki da na filaye, hotuna, magunguna, da gwal ɗin Mama. Ki laluba aljihun riguna da tsakanin littattafai, dattawanmu da ɓoye kuɗi. Sauran tarkace kada ki zubar, tsofaffin kayan aikin gareji sukan fi kujerun falo saurin tafiya. Ranar cinikin ki ɗauki Mama ku wuni wani wuri, ba sai ta ji ana taya gadon kwananta ba.

Hulunan nan kuma kada su ga takardar farashi. Ki naɗe su a jakar hannun Mama, ta miƙa wa Yayanki da kanta.

Gwaggo