Amsa ga Hajiya mai aika abaya Kano: yadda za ki shawo kan saƙonni

Hajiya, kin ce kina aika abaya da turare daga Jidda zuwa Kano, kuma saƙonni sun yi miki yawa har oda tana ɓacewa. Abin da ke jawo haka shi ne oda da rasit da gaisuwa duk a waya ɗaya suke kwance, sabon saƙo yana danne tsoho.

Ki fara da littafi guda. Duk odar da ta shigo, kafin ki amsa, ki rubuta suna, kaya, launi, lambar tsawon abaya (54, 56 ko 58), kuɗi a riyal, canjin naira na ranar, abin da aka biya da saura. Canjin nan shi ake yawan mantawa, shi ne kuma ke kawo rigima bayan sati biyu, domin riyal a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, naira kuwa motsi take. Saƙon murya ya fi komai cin lokaci, kuma ba a iya nemo kalma a cikinsa. Ki saurara sau ɗaya, ki rubuta wa mai shi: "Abaya baƙa biyu, lamba 56, haka ne?" Sai ta amsa sannan oda ta tabbata.

Ki ware layin ciniki daban, ki sa masa WhatsApp Business. A cikinsa ana iya liƙa wa kowace hira alama, kuma huɗu sun isa: sabuwar oda, jiran kuɗi, an biya, an kai kargo. In suka yi yawa ba za ki riƙa bin su ba. Farashi da lambar asusu ki ajiye su a amsoshin da ake shiryawa tun farko.

Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, shi ya sa saƙonnin Kano ke yin yawa da darenki. Ki tsayar da lokaci uku na dubawa, bayan Azahar, bayan La'asar da bayan Isha, ki sanar da masu sayen. Gurufan dillalai ki kashe musu ƙara, ki hana hotuna sauka da kansu.

Hoton rasit kada ya sa ki saki kaya, don Allah. Ki ga kuɗin a asusunki tukuna. Kafin azumi da lokacin aikin Hajji, ki ɗora wa mutum ɗaya riƙon littafin, don in hannu biyu suna rubutu a ciki, ana aika kaya ɗaya sau biyu.