Amsa: Amfanin jan karant a jiki

'Yar'uwa, kin ce kin ga waɗannan jajayen 'ya'yan itace ƙanana da ake kira jan karant (red currant) a kasuwa a Jamus, kina tambaya ko suna da amfani. Suna da shi sosai. Giram 100 na ɗauke da bitamin C wajen miligiram 41, ƙasa kaɗan da lemon zaƙi, ga harza mai taimakon narkewar abinci fiye da giram 4, kalori kuma 56 kacal. Baƙin karant ya ninka shi bitamin C sau huɗu.

Sai dai tsami, wallahi kamar ɗanyar tsamiya! Shi ya sa Turawa ke dafa shi da sukari, zafin wuta kuwa yana rage bitamin ɗin. Ni dai ɗanye nake zubawa a kindirmo.