Kafin ka kashe kuɗi a kan sabuwar laftof saboda FL Studio

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan sutudiyo a Rigasa, ina haɗa kiɗa da FL Studio a laftof mai RAM 8GB. Kwanan nan da zarar na buɗe aikin wani mawaƙi sai manhajar ta rufe kanta. Abokina ya ce laftof ɗin ce ta tsufa. Na fara tara kuɗin sabuwa, in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna, ƙanena. Da laftof ce ta gaza, da kowane aiki mai nauyi ka buɗe sai ta nuna gajiya. Tunda aiki ɗaya ne yake kashe manhajar, zargina ya fi karkata ga wani fulogin da ke cikin aikin. Sauya laftof a kan wannan kamar mai Keke Napep ne ya sayi sabon inji don tayarsa ta yi faci.

Fulogin ƙaramar manhaja ce da wani kamfani daban ya rubuta, amma tana aiki a cikin FL Studio kai tsaye, don haka idan ta faɗi sai ta ja uwar gaba ɗaya. Image-Line, kamfanin Beljiyam da ke yin FL Studio, sun san da haka. A ƙarƙashin Help akwai Diagnostics, wanda zai cire maka fulogin ɗin da ke hana aiki buɗewa, ya ba ka kwafin aikin ba tare da shi ba. In kuma ba ka san wane ne mai laifin ba, ka shiga babban fayil ɗin da fulogin suke zaune, na masu tsarin VST3 yana Program Files, Common Files, VST3, ka kwashe rabinsu zuwa wani wuri, ka buɗe aikin. Ya buɗe? To mai laifin yana cikin waɗanda ka kwashe. Ka sake raba su biyu, haka haka har ka kama shi. Ko fulogin 60 gare ka, zagaye shida sun isa.

Ga kuma maganar da ba a so. Yawancinmu a Kaduna daga filas ɗin aboki muke samun kaya, kirak, wato manhajojin sata, cike da babban fayil, a zuba duka a rana ɗaya. Kirak an farke masa kariya ne da ƙarfin tsiya, ba ya samun gyaran da kamfani ke fitarwa, wani ma da ƙwayar cuta yake zuwa. Na fi so in ga furodusa da fulogin 10 da ya san hannunsu a kan 200 da bai taɓa buɗe rabinsu ba. Waɗanda FL Studio ke zuwa da su, irin su Fruity Parametric EQ 2 da Maximus, sun isa fitar da waƙa mai tsafta. Kuma wanda ya sayi lasisin FL Studio na gaskiya, sabuntawa kyauta ce gare shi har abada, tsarin kamfanin ke nan.

Daga abin da ka tara, in laftof ɗin tana karɓar ƙari, kai RAM zuwa 16GB ka sa SSD a madadin tsohon hadis mai juyawa. Fulogin ɗin Kontakt musamman cin RAM gare shi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni mawaƙiya ce a Tudun Wada, ina ɗaukar muryata a gida. Idan na kunna Auto-Tune, fulogin ɗin daidaita murya, sai sauti ya riƙa ƙarar-ƙarar, in kuma ƙarar ta tafi sai in ji muryata tana zuwa a makare a hedifon. An ce in sayi saunkad. Wanne zan saya?

Amsa: Malama, abu biyun da kika faɗa tushensu ɗaya, wato bafa. Kwamfuta tana tara sauti ne ɗan guntu-guntu kafin ta sarrafa shi. In guntun ƙarami ne, murya tana dawo miki da wuri amma kwamfutar tana shan wahala, shi ne ƙarar da kike ji. In babba ne, ƙarar ta tafi, jinkiri ya zo. A kan samfurin sauti 44,100 a sakan ɗaya, bafa 256 jinkirin kusan milisakan 6 ne a hanya ɗaya, 1024 kuwa ya kai 23, kuma kunnen mawaƙi yana kama wannan. Lokacin ɗaukar murya ki sa 128 ko 256, ki kashe duk wani fulogin mai nauyi da ke kan kiɗan. Lokacin miksin ki mayar 1024.

Saunkad kam ki saya, amma tambayar da za ki yi wa mai shago ita ce ko yana da direban ASIO na kamfaninsa, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta da ƙarancin jinkiri. Focusrite Scarlett Solo yana da nasa. Behringer UM2 da UMC22 sun fi araha, sai dai da ASIO4ALL, direban gama-gari, ake tafiyar da su a Windows, wanda dabara ce ta rufin asiri, wani lokaci ya yi daidai wani lokaci ya ba ki ciwon kai. In kuɗin bai kai ba, gara ki ƙara haƙuri wata biyu. Na hannu ma ba laifi, muddin an jona shi a gabanki an gwada makirfo da hedifon kafin ki biya.

Abu ɗaya da ake mantawa: laftof tana rage ƙarfinta idan tana kan batir ko ta yi zafi. Ki jona caja, ki kashe Wi-Fi yayin ɗauka, kuma bayan hunturu ki kai ta a hure mata ƙurar fanka.

Tambaya: Oga, na koma sabuwar manhajar haɗa kiɗa ta Cubase daga Cubase 5, tsofaffin fulogin ɗina duk sun ɓace. Daga Kawo.

Amsa: Ba su ɓace ba, ɗan'uwa, an ƙi karɓarsu ne. Tun Cubase 9 a 2016 Steinberg, masu yin Cubase, suka daina ɗaukar fulogin na tsohon tsarin 32-bit, kuma duk wanda suka ga alamar matsala a jikinsa suna jefa shi jerin waɗanda aka hana shiga. Su ne suka ƙirƙiro tsarin fulogin na VST a 1996, su ne kuma suke tura kowa zuwa VST3 yanzu. Nemi sigar 64-bit ta kowane ɗaya. Wanda babu sabuwar sigarsa, ka buɗe tsohon aikin a Cubase 5 ka fitar da layin a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, ka shigo da shi sabon. Kada ka goge tsohon Cubase sai ka gama da ayyukan mutanen da ke hannunka.

Tambaya: Kwamfutar tebur gare ni a Unguwar Rimi. NEPA ta ɗauke wuta ina tsakiyar ajiye aiki, yanzu fayil ɗin ya ƙi buɗewa. In sayi sitabilaiza?

Amsa: Sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta kawai yake yi, ba ya riƙe ta idan an ɗauke. UPS kake buƙata, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta, ko ƙarami ne, ya ba ka 'yan mintocin da za ka ajiye aiki ka kashe ko a tayar da janareta. Shi kuwa fayil ɗin, duba babban fayil na Backup idan FL Studio ne, idan Cubase ne nemi fayilolin da sunansu ya ƙare da .bak a cikin babban fayil ɗin aikin, ka ɗauki na baya-bayan nan. Daga yau ka sa manhajar ta riƙa ajiye kanta duk minti 5 ko 10, kuma kowane dare ka kwafe ayyukan ranar zuwa hadis na waje.