Amsar Baffa daga Kumasi a kan takardar zama ɗan Gana

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na saurare shi sau biyu saboda hayaniyar kasuwa. Ka ce labari ya kai Fagge wai Baffa zai sayar da Najeriya ya sayi Gana, har Hajiya ta ce a tambaye ni ko wani abu aka yi mini a gida. Ba wanda ya yi mini komai. Takardar ma ban karɓa ba tukuna. Fom ɗin yana cikin durowar shago wata huɗu ke nan, ban cike ba, ban yar ba. Amma tunda ka tambaya da ladabi, bari in warware maka yadda mutanen zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran masu asalin baƙunta a nan Gana, suke kallon wannan magana, don ba yadda kuke kallonta a can ba ne.

A Kano in aka ce da mutum "ɗan ina ne kai?" amsa ɗaya gare shi. A zango amsa biyu ce, akwai asali, akwai takarda, kuma ba a haɗa su a kwano ɗaya. Za ka zauna da dattijo a Aboabo ya ce maka "mu Katsinawa ne", alhali bai taɓa ganin ganuwar Katsina ba, ubansa ma bai gani ba. Kakansa ne ya biyo ayarin jakuna zuwa Salaga neman goro tun kafin Bature ya ja layin iyaka. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 sai fatake da malamai suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Wannan dattijo Bakatsine ne a wurin suna da ɗaurin aure, ɗan Gana ne a rumfar zaɓe, kuma in ka ce masa akwai karo tsakanin biyun zai yi maka kallon yaro. Babban Limamin ƙasar nan, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne, shugabannin ƙasa kuwa gidansa suke zuwa gaisuwa.

Abin da ya sa takarda take da nauyi a zuciyar mutanenmu kuwa, sai ka ga akwatin surukina za ka gane. Akwatin ƙarfe ne mai tsatsa a kusurwa, yana ƙarƙashin gadonsa, makullin a wuyansa tare da tsinken sakace. Ranar da na je neman auren gwaggonka ya buɗe mini shi. Ba kuɗi a ciki. Rasidan haraji ne tun na zamanin Turawa, da katin asibitin da aka haife shi, da takardar makarantar firamare, kowacce a naɗe cikin leda. Ya ce, "Yaro, waɗannan su suka hana a ɗora ni a mota." Yana nufin 1969. A ranar 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutum fiye da dubu ɗari suka fita, Yarbawa 'yan kasuwa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. Surukina ya ce maƙwabcinsu, wanda a lungun nan aka yanke masa cibiya, ya sayar da gida mai ɗaki takwas a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, ya hau babbar mota zuwa ƙasar da bai san kowa a cikinta ba. Har yau in tsofaffin zango za su faɗi shekarun mutum sai ka ji sun ce an haife shi kafin kora, ko bayan kora.

Ba a kan Busia aka fara ba ma. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba, da Alhaji Usman Larden zuwa Najeriya saboda suna tare da 'yan adawa. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, shari'ar ta mutu. In sarki guda bai tsira ba, ina ga mai sayar da shadda? Kada kuma ka yi saurin cewa Ganawa ba su da kirki. A 1983 Shagari ya kori baƙi daga Najeriya, Ganawa wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya, jakar da kuke zuba kayan lefe a ciki ma sunan wannan kora take ɗauke da shi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

To ni ina na tsaya? Ni ba jikan ayari ba ne. Da fasfon Najeriya na shigo, shekara ashirin da shida da suka wuce, da dila biyu na shadda daga Kantin Kwari. A Gana haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ɗan ƙasa ne. Ƙannenka biyar duk Ganawa ne ta wajen uwarsu. Ni kaɗai ne baƙo a gidana. Katina daban yake da nasu, na baƙi ne, da dala ake biya, kuma duk shekara sai an sabunta.

Wannan bai dame ni sosai ba sai 2019, lokacin da aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara. A lokacin akwai dokar zuba jari ta 2013 da ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa; baƙon da yake son harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, ya kuma ɗauki Ganawa ashirin aiki. Dala miliyan! Wata safiya na iso na tarar da kwaɗo biyu a ƙofar maƙwabcina Inyamuri, nasa da wani sabo fil a kansa. Nawa ba a taɓa ba, don shagon da sunan gwaggonka yake. Na buɗe, na zauna, amma ranar ko shayi ban iya sha ba.

Sunan gwaggonka ɗin nan shi ne ainihin abin da ya hana ni barci, kuma shi nake so ka fahimtar da Hajiya. Tsarin mulkin Gana bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da hayar shekara 50 ba, ɗan ƙasa kuwa yawanci 99 ake rubuta masa. Saboda haka filin da na gina gida ma da sunanta na saya, kamar yadda da yawa daga cikinmu suke yi. Mace ce mai amana, ban taɓa shakkarta ba. Amma in na faɗi yau, a takarda ba ni da gida, ba ni da shago. Hajiya tana da sudusi a abin da na bari, Allah ne ya ba ta, ba ni ba. Yayarka da na haifa a Kano kafin in taso tana da rabonta. Ta yaya malamai za su raba abin da takarda ta ce ba nawa ba ne? Na ga gidaje a nan da zumunci ya tsinke a kan haka, 'yan'uwa sun zo daga Najeriya ta'aziyya sun koma ba a ga maciji. Ba na son a tashe ni da haƙƙin uwata a wuya don na ji kunyar cike fom.

Batun sayar da Najeriya kuwa, cire shi daga ranka. Gana ta halatta riƙe ƙasa biyu, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma bai ƙwace wa wanda aka haifa ɗan ƙasa matsayinsa don ya karɓi wata. Koren fasfona yana nan. Abin da mai ƙasa biyu ba zai samu ba shi ne kujerar majalisa da wasu manyan muƙamai; a 2023 kotun ƙoli ta tsige wani ɗan majalisa, James Gyakye Quayson, a kan takardarsa ta Kanada, ko da yake ya sake tsayawa ya ci. Baffanka dai ba majalisa za shi ba.

Sharuɗɗan ba su fi ƙarfina ba. Mijin 'yar ƙasa yana iya neman rajista in ya zauna ya daɗe, sai shaidar halin kirki, sai kuma ya iya ɗaya daga cikin harsunan ƙasar. Nan ne ake raha a majalisarmu ta bayan Isha'i, ana cewa ai Hausa ma harshen Gana ce, tunda gidan rediyon gwamnati yana labarai da ita, kuma waakye da kooko da tuo zaafi da duk ƙasar take ci sunayenmu ne aka lanƙwasa. Ni ban dogara da wannan musu ba. Ina jin Twi, harshen Ashanti waɗanda tsofaffinmu suke kira Tonawa, daidai na ciniki da gaisuwar makoki, ko da yake yara suna dariyar yadda nake karya shi.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ba sau ɗaya aka nuna mini ita ba. Wani mai katin ƙasa ya je ya rantse cewa kai ɗan'uwansa ne na jini, shi ke nan ka zama haifaffe. Wani abokina ya ce shi zai tsaya mini kyauta. Na gode masa na ƙi. Rantsuwar ƙarya ce, da farko. Na biyu, irin wannan ce take ja wa 'yan zango na asali tuhuma. Ƙanin gwaggonka, ɗan mai akwatin nan, wanda kakanninsa ta wajen uwa da uba duk a Kumasi aka binne su, ya je wani ofishi neman takarda, da aka ga sunansa sai aka ce ya faɗi garinsu. Ya ce Kumasi. Aka ce a'a, garinku na ainihi. Sai da ya yi sawu uku, a na ukun ya tafi da ledojin tsoho. Wannan yana cikin abin da yake sanyaya mini gwiwa, don na san ko na karɓi takardar, tambayar ba za ta ƙare ba. In an yi wa haifaffe haka, ni mai harshen Kano a baki sai yaya?

Saura kuma rantsuwar biyayya da ake yi ranar karɓa. Na karanta kalmominta, ba abin da ya saɓa wa addini a ciki, kuma ƙasar da ta ba ni mata da 'ya'ya da abinci shekara ashirin da shida ba ta nemi abin da ya wuce kima ba. Duk da haka in na tuna zan ɗaga hannu in faɗa sai in ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, kamar ranar da na fara kiran gidan nan "gida" a waya, Hajiya ta yi shiru. Na tambayi surukina ko shi yana ganin butulci ne. Ya ce in je maƙabartar Tafo in ƙirga Kanawan da suka ce bana za su koma.

Ina jin bayan Sallah zan cike. Abin da nake so da kai, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ka karɓo mini takardar shaidar asali, ka haɗa da ta haihuwata da ke cikin jakar marigayi babanka, lauya ya ce in tanade su. Ka ba direban da yake kawo mana kaya daga Kwari, ya san shagon. Kada ka karanta wa Hajiya wannan duka, musamman wajen sudusi, za ta ce ina yi wa kaina fatan mutuwa. Ni zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko.